Ni Ba Ni Da Oga

ƊAN KOYO: Yaya, shawara na zo nema. Wani kamfani zai ɗauke ni aikin dindindin, ga kuma wani mutum yana so in gina masa shafin intanet cikin wata uku, kuɗin ya ninka albashin. Wanne zan kama?

Ɗan Kwangila ya gyara zama, ya juya kwamfutarsa yadda kowa zai ga sitikokin da ya lilliƙa a bayanta.

ƊAN KWANGILA: Ƙanena, ka zo inda ya dace. Dube ni da kyau. Rabon da in ce wa ɗan Adam "ranka ya daɗe" har na manta. Ni ba ni da oga. Ni ne shugaba, ni ne manaja, ni ne akanta.

ƊAN ALBASHI: Kai ne kuma masinja.

ƊAN KWANGILA: Yi mana shiru, bawan ƙarshen wata. Ni in na ga dama sai sha biyun rana nake tashi, babu mai...

Waya ta yi ƙara. Ya miƙe zumbur, har da rusunawa, alhali mai kiran ba ganinsa yake ba.

ƊAN KWANGILA: Ranka ya daɗe! E... a ƙara girman tambarin? An gama. A mai da shi shuɗi? Ai jiya shuɗi ne kuka ce a mai da shi kore... A'a, wane ni in yi musu! Yanzu-yanzu, ranka ya daɗe.

ƊAN ALBASHI: Wane ne?

ƊAN KWANGILA: Kwastoma ne. Kwastoma daban, oga daban.

ƊAN ALBASHI: Su nawa gare ka?

ƊAN KWANGILA: Bakwai.

ƊAN ALBASHI: Ni ɗaya gare ni, kuma ƙarfe biyar yake tafiya gida.

ƊAN KOYO: Amma Yaya, kuɗin fa ya ninka.

ƊAN ALBASHI: Ɗauko biro, yaro. Wannan ninkin, cire haraji, don kai za ka biya da hannunka. Cire fansho, cire kuɗin asibiti. Kwamfuta ta mutu, aljihunka. Ka kwanta zazzaɓi mako guda, babu mai biyanka ko sisi. Ni ina hutun shekara alat yana shigowa. In ta Fiverr, shafin da ke haɗa masu kwangila da kwastomomi, aikin ya zo, kashi 20 cikin 100 nasu ne tun kuɗin bai taɓa hannunka ba. Sannan wata ukun nan in ya ƙare, wa ya ce maka na huɗu yana bakin ƙofa yana jiranka? Tambayi shugaba abin da ya yi a watan jiya.

ƊAN KWANGILA: Hutu na ɗauka.

ƊAN ALBASHI: Wa ya ba ka?

ƊAN KWANGILA: Ni na ba kaina. Na rubuta wa kaina takarda, na duba, na ga ma'aikaci ne mai ƙwazo, na sa hannu.

Gaskiyar magana, watan ya ƙare ne yana aika saƙo ga mutum arba'in, uku suka amsa, biyu daga cikinsu suna son shafi "kamar Facebook, amma ɗan ƙarami". Na ukun kuwa ya ce ba shi da kuɗi yanzu, sai dai aikin zai sa duniya ta san shi. Masu irin wannan magana, Allah ya haɗa ku da makanikin da zai karɓi suna a madadin kuɗi.

ƊAN KWANGILA: To na ji. Kai da kake taƙama da dindindin, ina ma'aikata 11,000 da Meta, mai Facebook, ta sallama a Nuwamban 2022? Ina 12,000 na Google a Janairun 2023? Twitter kusan rabin mutanenta ta kora bayan Elon Musk ya saye ta. Duk da takardar dindindin a hannunsu. Ni in kwastoma ɗaya ya tafi, saura shida. Kai in naka ya tafi, saura kai da katin shaida.

Ɗan Albashi ya ɗan taɓa katin da ke rataye a wuyansa.

ƊAN KWANGILA: Kuma faɗa wa yaron nan gaskiya, me ka gina a bana?

ƊAN ALBASHI: Muna... tattaunawa.

ƊAN KWANGILA: Mitin! Mitin na safe don a faɗi abin da za a yi, mitin na yamma don a faɗi dalilin da ya sa ba a yi ba. Shekara nawa kana faci a tsohon shafin da wanda ya rubuta shi ya gudu bai bar bayani ba? Ko layi ɗaya ka rubuta, na kamfani ne. Ni kuwa kullum da sabon kayan gina shafi nake aiki, yau WordPress, gobe React, jibi...

Waya ta sake ƙara.

ƊAN KWANGILA: Hajiya, barka da rana! Shafin ya ɗauke? Hajiya, kuɗin sabunta sunan shafin ne ba a biya ba, na tuna muku sau uku... Haka ne, laifina ne. Af, Hajiya, batun cikon kuɗina na bara... Hello? Hajiya?

Ya dubi wayar, ya ajiye ta a hankali.

ƊAN KWANGILA: Sabis ne.

ƊAN KOYO: Yaya, ba ku rubuta yarjejeniya ba ne?

ƊAN KWANGILA: Yarjejeniya ta masu tsoro ce. Ni da amana nake aiki.

ƊAN ALBASHI: Cinikin biri a sama ke nan. Yaro, in ma kwangilar za ka yi, karɓi kafin alƙalami, a rubuta shafuka nawa ne, gyara sau nawa, ranar biya yaushe. In ba haka ba, "ɗan ƙaramin gyara" zai bi ka har ranar aurenka.

ƊAN KWANGILA: Ji mai ba da shawarar kasuwanci, wanda ko fita cin abinci sai ya nemi izini! Mutumina, ba wannan ba. In alat ɗin nan naka ya shigo, ina so ka zuba jari a kamfanina.

ƊAN ALBASHI: Rance dai.

ƊAN KWANGILA: Jari. Shugaba ba ya cin bashi. Zan mayar maka da zarar Hajiya ta samu sabis.

ƊAN KOYO: To ni yanzu wanne zan kama?

ƊAN KWANGILA: Bar su duka, zo ka yi aiki a ƙarƙashina. Ga tambarin Alhaji nan, mai da shi shuɗi. Ɗan ƙaramin gyara ne, minti biyar.

ƊAN KOYO: Nawa za a ba ni?

ƊAN KWANGILA: Kai yaro, kuɗi kuɗi! Ka san mutum nawa za su ga aikin nan?