Wai me ake koya wa yaran nan a foliteknik?

Na gaji, wallahi na gaji. Duk shekara sai an turo mana ɗaliban fasahar lantarki su yi SIWES, wato zaman koyon aiki a aikace, a shagonmu na haɗa sola da wayarin, kuma duk shekara ciwon kan ɗaya ne. Yaro zai rero maka dokar Ohm kamar karatun allo, amma tura shi gidan mutane ka sha kunya.

Kwanan baya muka je gidan wani dattijo a cikin gari za mu sa inbata. Ko ɗan shekara bakwai ya san ana tsayawa a zaure a yi sallama, a aika yaro ya ce masu aiki za su shigo, mata su kimtsa. Shi kuwa injiniyan namu, kunne toshe da abin jin waƙa, ya saɓi tsani ya faɗa tsakar gida, ya jingina shi a katangar da ke kallon gidan maƙwabta, ya haye abinsa. Da ƙyar mai gidan ya haƙura, aikin kuwa wani ya ba.

Kuma kada wani ya ce min babu darasin. A manhajar NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha, akwai GNS, wato darussan gama-gari irin su iya magana da zama da jama'a, akwai darasin dogaro da kai. Amma a makarantar da ke turo mana su an mayar da abin kasuwar handawut: a cusa ɗalibai a ɗaki guda har taga, ka saya ka ci, ka ƙi ka faɗi. Babu wanda ya zaunar da su ya ce ga yadda ake rubuta ƙiyasin kuɗin aiki, ga yadda za ka gaya wa mai gida batirinsa ba zai ɗauki firji da dutsen guga ba ba tare da ya ji ka raina shi ba. Ƙarfe takwas a wurinsu sha ɗaya ce. Ka ce a kashe wuta kafin a taɓa waya, ya ce ai ya saba. Haba!

Tun 1973 ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro SIWES don ɗalibi ya san aiki kafin ya riƙe takarda. To ina malamin da aka ce zai zo ya duba su? Ko ƙeyarsa ba mu gani. Sai ranar ƙarshe a ajiye min littafin rahoto cike da ayyukan da ba a yi ba, wai "Oga, a taimaka a sa hannu." Bana kam ba zan sa ba, malamin ya tako da ƙafarsa ya same ni a shago.