Yadda ilektron ya tsinka ni a zauren surukai

Akwai maganar aure tsakanina da wata yarinya ta bayan masallaci. Aka ce in je in gaida kawunta, na ja abokin nan nawa mai babur muka tafi bayan la'asar, ranar kasuwar Gujungu, hanya duk ƙura. Muka durƙusa, aka gaisa, aka kawo fura.

Sai Kawu ya ce, "To malam, an ce har yanzu boko kake. Wane karatu ne ba ya ƙarewa?"

An taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Na gyara zama na ce, "Kawu, ƙwayar zarra muke bi. Kowace tana da cibiya, ilektron yana kewaya ta. In aka haska mata lesa, wato wani tsinin haske mai ƙarfi, daidai gwargwado, sai ilektron ya yi nisa ƙwarai, amma bai tsinke ba. Ita ce zarrar Rydberg, sunan wani masani ɗan Suwidin da ya fitar da lissafinta a 1888. In ya hau mataki na 100, faɗin zarrar kan ninka kusan sau dubu goma."

Kawu yana gyaɗa kai, ni kuma na ƙara wuta. Na ce sai an sanyaya iskar da zarrar ke ciki har ta kusa ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, kuma a 1999 aka fara samar da filasma mai sanyi haka, wato iskar da ilektron ɗinta suka tsinke daga zarra, a Amurka, da iskar zenon.

"To shi wanda ya yi nisan, me ke riƙe da shi?"

"Kusan ba komai, Kawu. Ɗumin bangon ɗakin gwajin ma ya isa ya fizge shi. Na farko in sun gudu sai su bar caji a baya, cajin ya tare na bayansu, su kuma su yi ta kai da komo suna bangazar sauran zarra suna tsinke musu nasu. Kafin ƙiftawar ido duk taron ya zama filasma."

Kawu ya ajiye ludayi a hankali, ya goge gemu.

"Wato wanda ya yi nisa da gida, riƙonsa ba ƙarfi."

"Haka ne, Kawu."

"Ɗan ɗumi kaɗan sai a fizge."

"Ƙwarai kuwa!" Har da ɗaga yatsa na faɗa, jama'a, ina murna na samu ɗalibi.

"Kai yanzu a ina kake zaune?"

"Zariya."

"Ita kuma tana nan. Ga mai cajin wayan nan na bakin tasha, kullum yana nan, shagonsa kuwa da ɗumin janareta."

Daga bayan zana na ji dariyar mata ta ɓarke, ashe tun ɗazu suna laɓe. Har muryar gwaggonta na tsinta, mai dariya tana tafa cinya. Gumi ya keto mini cikin hunturu. Na yi ta maza na ce, "Ai yana komawa, Kawu! In ilektron biyu suka yi karo kusa da cibiyar, ɗaya ya kwashe ƙarfin, ɗayan sai ya koma gida."

"Au, komen ma sai da na uku?"

Kawu dai babba ne, ya isa ya faɗa. Wanda na ƙullata shi ne abokin tafiyata. Ni na zuba masa mai a babur, ni na sai masa goro a hanya, don ya zauna gefena ya riƙa cewa "gaskiya ne". Mutumin nan ya ƙware da fura har ta fito masa ta hanci, ya kwanta a tabarmar mutane yana dukan ƙasa. Da ya farfaɗo kuma cewa ya yi, "Wallahi Kawu kai ya kamata a ba digirin." Wannan fa shi ne wanda na yi wa jinga a makarantar sakandare, ina rubuta masa aikin gida yana biyana da rake. Bashin kuɗin taya da ya karɓa tun kaka ma har yau shiru, in na tambaya sai ya ce sai ya sai da riɗi, alhali kowa ya san bana gero kawai ya shuka.

A hanyar dawowa bai ce uffan ba sai da muka zo daidai tasha. Ya rage gudu ya ce ko zan sa caji.

Wayata kuwa da gaske ta mutu, amma na ce ya wuce. An ce Kawu ya ce in dawo bayan salla.