Ku ci kifin, ku bar wa likita zancen ƙwayar

Jama'a, wani sabon yayi ya shigo mana Tawa, kuma idan aka yi shiru zai iya cin rai. Ƙwayoyin man kifi nake nufi, masu ruwan zuma ɗin nan da ake kira omega-3. Masu tallar magani na yawo da su a tasha, a WhatsApp kuma kullum sai an turo murya ana cewa suna wanke jijiya, suna sauke tansiyo, wato hawan jini, wai mai shan su ya yi bankwana da ciwon zuciya. Ni dai ga inda na tsaya: kifi abinci ne mai amfani ga zuciya, a ci shi. Ƙwayar kuwa magani ce ta wasu ƴan ƙalilan da likita ya auna jininsu, kuma ko kusa ba ta tsaya a madadin maganin hawan jini.

Zancen yana da tushe, ba zan ɓoye ba. A 1970 wasu likitoci biyu ƴan Danmak, Bang da Dyerberg, suka tafi Girinlan wajen mutanen Inuwit, waɗanda abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku, kitse zalla. Suka ɗibi jininsu suka auna, sai suka ga maiƙon da ke yawo a cikinsa bai kai na mutanen Danmak ba, daga baya kuma suka lura jinin nasu na jinkirin daskarewa. Daga nan duniya ta san sinadaran omega-3 guda biyu da ke cikin man kifi, EPA da DHA. Abin da masu talla ba sa faɗi shi ne, likitocin nan ba su ƙirga masu ciwon zuciya da kansu ba, sun dogara ne da rahotannin asibiti na ƙasar da yawancin mutanenta ke nesa da asibiti.

To me sinadaran ke yi a jiki? Idan mutum ya ci kifi mai mai, EPA da DHA na shiga cikin bangon ƙwayoyin halittar jiki, har da na zuciya da na shimfiɗar cikin jijiyoyin jini. Hanta sai ta rage yawan maiƙon da take zubawa cikin jini, wanda ake rubutawa tirigiliserid a takardar awo. Ƴan ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini su rage saurin manne wa juna. Kumburin da ke cin bangon jijiya a ɓoye ya ɗan lafa, jijiyar ta ƙara sakewa, tansiyo ya sauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, maki biyu ko uku a ma'aunin da mai ciwo ke kai 170. Duk wannan gaskiya ne. A ciki kuma wanda ya fi tabbata shi ne na tirigiliserid: giram 4 a rana na iya sauke shi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Amma kolestarol mai toshe jijiya, wanda ake kira LDL, man kifi ba ya sauke shi, wani lokaci ma DHA na ɗan ɗaga shi. Batun wanke jijiya kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kitsen da ya riga ya kafu a bangon jijiya ba ya narkewa don an haɗiyi mai.

Gyaruwar lamba a takardar awo daban, tsira daga bugun zuciya daban, kuma a nan gizo ke saƙa. Binciken farko-farko sun ba da ƙwarin gwiwa. A 1989 a yankin Wales na Birtaniya, an bi maza wajen dubu biyu da suka taɓa samun bugun zuciya, waɗanda aka ce su riƙa cin kifi mai mai sau biyu a mako mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 29 cikin ɗari a shekara biyu. Ku lura, kifi aka ce su ci. A 1999 binciken GISSI na Italiya, mai mutum sama da dubu 11, ya nuna giram ɗaya na man a rana ya taimaka. Sai dai zamani ya sake, magungunan zuciya suka inganta, aka sake gwadawa. A 2018 binciken VITAL a Amurka, mutum kusan dubu 26, da ASCEND a Birtaniya, masu ciwon suga sama da dubu 15, duk sun ba da giram ɗaya a rana na shekaru, ba su ga wani ragi na a zo a gani ba a jimillar manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen shekarar hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce giram ɗayan nan ba ya hana bugun zuciya dawowa.

Akwai bincike guda ɗaya da masu kare ƙwayar ke kafa hujja da shi, REDUCE-IT, shi ma na 2018. Mutum 8,179, haɗarin manyan cututtukan zuciya ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Madalla. Amma su wa aka ba? Mutanen da ke da ciwon zuciya ko suga, masu shan maganin kolestarol tun tuni, waɗanda tirigiliserid ɗinsu ya ƙi sauka. Me aka ba su? Tataccen EPA shi kaɗai, giram 4 a rana, maganin da sai da takardar likita. An kuma yi wani mai suna STRENGTH da haɗin EPA da DHA, giram 4 shi ma, mutum dubu 13, a 2020 aka dakatar da shi don ba a ga amfani ba. Har yau masana na ta muhawara kan dalilin bambancin. Abin da suka daidaita a kai shi ne illar: yawan shan man na ƙara haɗarin wani irin rikicewar bugun zuciya, wanda shi kansa ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ma sai ya tambayi likita. Mai juna biyu kuma ta kiyayi man hantar kifi, bitamin A ya yi yawa a cikinsa.

Yanzu ku je ku dubi wadda ake sayarwa a tire. Robar na kwance cikin rana tun hantsi, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Ku girgiza ta, za ku ji ƙwayoyin sun manne sun zama dunƙule guda. Ku huda ɗaya da allura ku shinshina: idan warin ruɓaɓɓen kifi ya bugi hancinku, man ya lalace, domin irin wannan mai ba ya jure zafi da iska da haske. Ku juya bayan robar kuma. A gaba an rubuta 1000 da manyan lambobi, a baya cikin ƙananan haruffa sau da yawa EPA 180, DHA 120. Wato kashi ɗaya cikin uku ma bai cika ba.

Kifin fa? A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mutanen tudu. Kifi ba shi ke ƙera sinadaran nan ba, daga ƙananan tsirran cikin ruwa yake samun su, kuma na teku mai sanyi ya fi tara su. Tarwaɗa da karfasan tafkin Tabalak na nan jihar Tawa suna da daɗi, nama ne mai kyau, sun fi kitsen rago sauƙi ga jijiya, amma omega-3 ɗinsu bai kai na kifin teku ba. Wanda ke da shi sosai kuma muke iya samu shi ne sardin na gwangwani, wanda ke cikin kowace butiki, yawancinsa daga Maroko, da kifin teku na firigo irin makero. Abin dariya, sardin ɗin da muke rainawa a matsayin abincin gwauro da ɗan makaranta. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka cewa ta yi a ci kifi sau biyu a mako, kamar giram 100 kowane ci. Sai dai a kula da dahuwa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya a Tabalak ya ga kaskon suya, man ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi, ana ta ƙara sabo a kan tsoho, a tsamo kifi a barbaɗe shi da gishiri da magi. Ina ci, ba na musu. Amma don zuciya, gashi ko miya ko farfesu sun fi.

Abin da ya sa na yi dogon rubutun nan wata gwaggona ce. Shekaru tana shan maganin tansiyo lafiya lau, sai ɗanta da ke ci-rani ya aiko mata da manyan robobi biyu na man kifi. Ta ajiye nata a ƙasan akwati. Na ce, “Gwaggo, ina maganinki na safe?” Ta ce, “Ɗan nan, wannan na Turai ne, ya fi wancan tsada, kuma ba na jin komai.” Hawan jini ai dama ba a jin sa. Da aka kai ta aka auna, ya haura inda yake kafin ta fara magani. Allah ya taƙaita, ta koma kan nata.

A ƙasarmu hawan jinin da ba a auna ba, ko aka auna aka watsar da magani, shi ke kwantar da iyayenmu, ga gishiri da dunƙulen magi a kowace tukunya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, ƙaramin cokali guda ke nan. Saboda haka ƴan uwa da ke Abijan da Libiya da Faransa, idan za ku yi wa tsofaffi aike, ku sayi na'urar awon tansiyo mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, ku haɗa da kuɗin maganin wata uku da na kifi. Wanda kuma likita ya auna ya ce tirigiliserid ɗinsa ya hau sosai, ya sayi abin da aka rubuta masa a farmasi, ya ajiye shi inda rana ba ta kai.