Ranar da na ce an sace min shasi

Kun dai san Corollar nan 'yar Kwatano da na saya bayan Sallah, wadda dillalin nan naku ya rantse min wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Tun satin farko, da na saki sitiyari sai ta nufi kwata kamar tana bin ta bashi. Sau uku ina biyan kuɗin alaimen, wato saita tayoyi. Tayar gaba ta cinye gefe guda, ɗaya gefen sabo fil.

Ran Juma'a daga masallaci na biya gareji, da farar shaddata. Oga ya hau da ita kan rami, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, shasi nake zargi."

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Amma na taɓa ganin Hilux an ɗage mata bodi: dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya, an haɗa su da gajeru kamar tsani, inji da giya da sifirin duk a kansu suke zaune. Ni shasin da na sani ke nan. Ai kuwa na tattare babbar riga na dira ramin da kaina, na haska fitilar waya. Na duba gaba, na duba baya. Ba tsani, ba alamarsa. Na ɗaga murya har masu walda suka dakata: "Innalillahi! Oga, ai motar ma ba ta da shasi! An cire!"

Gareji ya yi tsit. Sai wani yaron Oga, wanda a haife na haifi yayansa, ya ce, "Baba, ai irin wannan, bodin ne shasin." Ya ƙwanƙwasa ƙasan motar da sifana. Wai ƙasan da ginshiƙan ƙofa da rufi duk an yi musu walda wuri guda, su ke ɗaukar nauyi. Tsani sai a-kori-kura da manyan motoci. A hankali yake faɗa, yana maimaitawa, kamar mai biya wa ƙolo allo. Ni kuwa ina ƙasa ina kallon sama, baƙin mai na ɗiga a hulata.

Duk wannan da sauƙi. Tsohon nan mai goro na kan benci ne ya ƙona min rai. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Alhaji, tunda kana ciki, duba mana ko injin yana nan." Mutumin da ko keke bai taɓa ajiyewa ba! Shekara nawa ina sayen goronsa, rabi da tsutsa, ban taɓa ɗaga kai ba. Har yau canjina na ɗari biyu yana hannunsa.

Oga dai ya ɗauko igiya ya gwada daga gaba hagu zuwa baya dama, ya sake daga gaba dama zuwa baya hagu. Kamata ya yi su zo ɗaya. Yatsa biyu ne tsakani. Ya kankare baƙin fenti, ga tabon walda ɓaro-ɓaro. Ashe Baturiyar ta taɓa maka ta da wani abu, mazaunin shokazoba ya goce, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba. Ko sau ɗari aka yi alaimen, aikin banza ne.

Wayar dillali a kashe take tun ranar. Jiya na wuce ta gaban garejin, na kawar da kai, sai na ji daga benci: "Alhaji, an ga shasin kuwa?" Hular dai tana wajen mai wanki, ya ce zai gwada.