Waya ɗaya ta raba shi da ma'aikatar shari'a

Kwanakin baya ɗan sanda ya tsayar da ni a nan Edmonton, a ƙasar Kanada. Ina tsaye ne a danja, na ɗan ɗauki waya in duba saƙo, ashe yana bayana. A lardin Alberta ko mota a tsaye take a danja laifi ne ka taɓa waya. Ya zo cikin sanyin nan da hular ulu har kunne, ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi lasisi ya koma motarsa ya yi ta danne-danne a kwamfuta, ya dawo ya miƙo min takardar tara, dala 300 da makin laifi 3 a kan lasisina. Babu "yallaɓai a yi haƙuri", babu na goro. Da na ba da labari a wurin aiki sai wani bature ya ce wai in kira shugaban 'yan sanda mana, ai haka 'yan ƙasarmu suke yi. Wallahi maganar ta soke ni, har yau tana raina.

Na san wanda yake nufi. Kaycee Madu, ɗan Najeriya ne, Inyamuri, a Jami'ar Legas ya karanta lauya kafin ya taho Kanada. A 2019 ya ci kujerar majalisar lardi ta Edmonton-South West a jam'iyyar UCP, kuma shi kaɗai ne ɗan jam'iyyar da ya ci a duk cikin birnin. Firimiya Jason Kenney, wato shugaban gwamnatin lardin a lokacin, ya ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi, a 2020 aka ɗaga shi ministan shari'a, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Kanada. Mu 'yan Najeriya da ke nan ranar ba wanda ya tuna da ƙabila, kowa cewa yake namu ne.

To a Maris 2021 aka tsayar da shi kusa da wata makaranta, aka ba shi irin takardata, dala 300 ɗin nan dai. Sai ya kira shugaban 'yan sandan birnin, Dale McFee. Ya biya tarar fa, kuma shi kansa McFee ya ce bai roƙi a soke ba. Madu ya ce damuwarsa ita ce ko don launin fatarsa aka tare shi. Da labarin ya fasu a Janairu 2022 nan take aka ce ya koma gefe, aka ɗauko tsohuwar alƙaliya Adèle Kent ta yi bincike, ta ce ya yi yunƙurin tsoma baki a harkar shari'a duk da bai kai ga yi ba. Aka cire shi daga shari'a aka mayar da shi ma'aikatar ƙwadago.

Ku duba fa. Kwamishinan shari'a a gida, wa ma zai tsayar da motarsa balle a kai ga rubuta takarda? Ɗan sandan da ya yi gangancin haka shi za a tura ƙauye. Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne daga cikin 'yan majalisa ake ɗaukar ministoci, kana minista kana da mazaɓa, mutanen unguwa suna jiranka. Sabuwar firimiya Danielle Smith ta naɗa Madu mataimakinta a Oktoba 2022, amma a zaɓen Mayu 2023 mutanen mazaɓarsa suka kayar da shi, Nathan Ip na jam'iyyar NDP ya ɗauke kujerar. Mu kuwa kwamishina gwamna kawai yake kallo, in oga ya yi murmushi shike nan.

Ba wai na ce nan aljanna ba ce. Tsoron da Madu ya ce ya ji na gane shi sarai, duk baƙin da ya taɓa ganin fitilar 'yan sanda a madubinsa ya san yadda gaba ke faɗuwa. Kuma laifin mutum ɗaya ne, me ya sa za a shafa wa ƙasa guda? Amma gaskiya ɗaya ce, minista ba ya kiran wanda ke ƙarƙashin ma'aikatarsa a kan takardar kansa, kuma gara a tsawata.

Sai dai ranar da aka ba ni takardar, bayan ɗan sandan ya wuce, na gangara gefen titi na kashe mota na zauna, ina ta bin sunayen da ke wayata. Shekara 6 a garin nan, ban ga mutum ɗaya da zan kira ba, ko don ya ce min Allah ya kyauta. Da a Zariya ne kafin in ƙarasa bayani Yaya Babba ya iso a kan babur, ya yi min faɗa a gaban kowa, sannan mu wuce gida Inna ta ɗora nata. A ƙarshe shi ɗin na kira, dare ya yi nisa a can, ya ɗauka da muryar barci ya ce lafiya, na ce lafiya lau Yaya, gaisuwa ce kawai.