Haikalin Thanjavur ba kufai ba ne

Na karanta rahotonku kan haikalin Brihadisvara da ke birnin Thanjavur na jihar Tamil Nadu a Indiya, sai dai kun siffanta shi tamkar wurin yawon buɗe ido kawai. Gaskiya ne Sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola ya kammala shi a shekarar 1010, da duwatsun da sai da aka ɗauko su daga nesa, kuma hasumiyarsa ta haura mita 60, amma har yau ana bauta wa Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolin addinin Hindu, a cikinsa. Malaman addinin Hindu kan yi wa gunkin wanka da madara, su ƙawata shi da furanni, sannan su kewaya fitila a gabansa, baƙo kuwa sai ya tuɓe takalminsa tun daga ƙofa.