Jitar Zambiya da sifikar Yaya

Yayana ya sayi mota 'yar Kwatano, ya ce in raka shi Zariya ɗaurin aure. Duk cikin motar ba abin da yake kurin da shi kamar sifika. Muna barin Kano ya ce, "Kai, sa mana wani abu mu ji aikin kuɗi."

Ni kuwa a lokacin na kamu da wani tsohon faifai mai suna Africa, na wasu samarin Kitwe, garin haƙar tagulla a Zambiya, masu kiran kansu Amanaz. A 1975 suka fitar da shi, daga shi ba su ƙara ba, suka watse. A 2015 wani kamfanin Amurka, Now-Again, ya sake buga shi. Gishirin kiɗan nasu wata 'yar na'ura ce da makaɗin jita ke takawa da ƙafa, ta dagula sautin da gangan, ya riƙa ƙuuu kamar zuma ta shige gwangwani.

Da farko kiɗan ya taho a sanyaye, Yaya har yana kaɗa kai. Can mutumin ya taka abarsa.

Yaya ya taka birki.

"Innalillahi! Sifikar ta fashe!"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce in yi masa shiru, me na sani a harkar mota. Ya kira dillalin da ya sayar masa, ya wanke shi tas, har da batun haɗuwa a gaban Allah.

A Zariya ko fatiha ba mu samu ba, muna wajen mai gyaran rediyo. Ya kara kunne a ƙofa, ya girgiza kai irin na masana, ya ce, "Alhaji, kwayil ya ƙone." Ya kwance ƙofofi, ya ɗaura sababbi, Yaya ya biya yana huci. Aka sake kunna Amanaz. Ƙuuu, har ta fi ta ɗazu fita, don sababbin sun fi ƙarfi.

Mai gyara ya yi jim, ya zaro memorinsa ya sa waƙar Hausa. Garau. Sai ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, wayar ƙanen nan naka ce ta sha ruwa."

Yaya ya harare ni, ya ƙirgo kuɗi ya ce gobe in kai ta gyara, kada in ƙara jona masa ita a mota. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya.